Kafin ka canza wa tsohuwar motarka janti, duba wa take ɗauka

Akwai wata ɗabi'a da ke ƙara yaɗuwa tsakanin masu tsofaffin motoci a Yamai, kuma mu mazauna Yantala ba sai an ba mu labari ba. Mutum zai samu ƴar Corolla ta shekarun 1990, ko Mercedes 190, ko Peugeot ta gado. Tun kafin ya kai ta a duba masa birki, sai ka ga ya kwance jantin da ta zo da shi, wato abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira rim, ya ɗaura mata manya na alminiyam masu walƙiya, da taya siririya kamar an naɗa igiyar roba. Motar takan yi kyau a ido, wannan ban musa ba.

Da a ce motar ado ce, wadda ake fitarwa ranar biki a mayar, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma yawancin waɗannan motoci na malaman makaranta ne da iyayen yara. Su ke kai yara makaranta daga Litinin zuwa Juma'a, su ke zuwa cefane, su ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, su ne kuma ake cikawa a tafi ƙauye suna ko ta'aziyya. Don haka ra'ayina a taƙaice shi ne: motar da ke aiki kullum a bar mata girman jantin da kamfani ya ƙera ta da shi. In canji ya zama dole, kada a wuce ƙarin inci ɗaya. Kuɗin da aka tanada don walƙiya kuwa a sayi sabuwar taya da shi.

Ni malamin lissafi ne, ba bakanike ba, saboda haka da lissafi zan kafa hujja. Duk wanda ya iya ninkawa da tarawa zai iya bin sawuna ya ga ko na yi ƙari.

A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 175/70 R13. Lamba ta farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu tana faɗa maka tsawon gefen taya, wato robar da ke tsakanin bakin janti da ƙasa, amma a matsayin kashi cikin ɗari na faɗin. Ta ƙarshe girman janti ce a inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. Wannan lambar da na kawo ita ce ta tsofaffin Corolla da dama. Kashi 70 cikin ɗari na 175 ya ba mu milimita 122 da rabi, shi ne gefen tayar. Ninka shi biyu, ka haɗa da milimita 330 na janti, ka samu tsayin ƙafar mota gaba ɗaya, kimanin milimita 575.

To, ramin da ƙafar ke juyawa a ciki ba ya ƙaruwa don ka sayi babban janti. Duk incin da ƙarfe ya ci, daga jikin roba ake cire shi. Wanda ya ɗaura wa wannan Corolla janti inci 17 yakan sa taya 205/40 R17. Gefenta milimita 82 ne kacal. Daga 122 zuwa 82, kashi ɗaya cikin uku na robar ya tafi ke nan.

Me wannan robar ke yi? Ita da iskar da ke cikinta su ne katifar farko tsakanin mota da hanya. Kafin duka ya kai ga shakazoba, taya ce ke fara shanye shi. Mai karatu ya tuna da hanyoyin da yake bi. Manyan tituna irin su Mali Bero da hanyar Tillaberi suna da kwalta, amma da zarar ka karya ka shiga cikin unguwa, burji ne da yashi da bakin kwalta mai kaifi da tudun rage gudu. Daga Yantala ta sama zuwa ta ƙasa gangara ce zuwa kogi, kuma duk damina ruwa na bin ta yana yanka ƙasa. Malamai ba za su manta da 2024 ba, shekarar da ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Ruwan da ya hana mu shiga aji bai bar hanyoyi lafiya ba.

Idan taya mai gajeren gefe ta faɗa rami, robar takan matse tsakanin bakin janti da bakin ramin. Zaren da ke cikinta ya tsinke, washegari ka ga ƙulli ya fito a gefe kamar ƙwai. Wannan ƙullin ba ya facuwa, duk mai facin da ya ce zai gyara shi bai gaya maka gaskiya ba. Tayar ta gama aiki, kuma tana iya fashewa a kowane lokaci, musamman a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Shi ma jantin yana shan nasa. Na ƙarfe in ya bugu lanƙwashewa yake yi, a buga shi da guduma ya koma ya kai ka gida. Na alminiyam yakan tsage. Wanda aka yi wa walda aka shafe da fenti, ba ka da hanyar sanin ranar da zai sake buɗewa. Sauran dukan da taya ta kasa shanyewa kuwa yana wucewa ne zuwa shakazoba da boris da robobin ƙarƙashin mota, waɗanda dama sun shekara ashirin ko talatin suna aiki. Tsoho ne aka cire wa takalmi mai taushi aka ce ya yi gudu a kan tsakuwa.

Ya kamata in yi wa masu babban janti adalci. Suna cewa mota ta fi kama hanya a kwana, kuma birki ya fi ci. A kan kwalta mai santsi, da taya sabuwa mai kyau, maganarsu na da ƙamshin gaskiya. A 2010 mujallar motoci ta Car and Driver da ke Amurka ta ɗauki Volkswagen Golf guda, ta riƙa canza mata ƙafafu daga inci 15 har zuwa 19 tana aunawa. Manyan sun fi riƙe hanya a kwana. Sai dai gwajin ya kuma nuna cewa daga inci 15 zuwa 19 nisan da mota ke ci da lita ɗaya ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma ta ƙara nauyin tashi. Dalilin a fili yake: babban janti da faffaɗar taya sun fi nauyi, sun kuma fi jan ƙasa, inji ne ke biyan bashin. Wannan fa sabuwar mota ce a kan filin gwaji. Ribar da aka samu ta mai shan kwana da gudu ce, mu kuwa da ke ɗauke da yara huɗu a baya ba mu da abin yi da ita. Asarar ce kawai za ta biyo mu gida.

Mu auna asarar da kuɗi. Mu ɗauka malami na ƙona lita 60 a wata, a kan farashin sefa 499 da aka sa a Yulin 2024. Kusan jikka 30 ke nan. Ko da rabin abin da wancan gwaji ya nuna muka ɗauka, wato kashi 5 cikin ɗari, ƙarin ya kai sefa 1,500 a wata, kusan jikka 18 a shekara. Duk uban da ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da littattafai a farkon Oktoba ya san abin da jikka 18 ke yi. Ba mu sa kuɗin jantin kansa ba, ba mu sa na tayar da rami zai ci ba.

Akwai kuma wata lamba da ba a cika kulawa da ita ba, wadda ke bin bayan girman taya, misali 82T. Lambar tana nuna nauyin da tayar za ta iya ɗauka. 82 na nufin kilo 475, 80 kilo 450, 84 kilo 500, 88 kilo 560. Tayar asali ta Corolla da muka yi misali da ita yawanci 82 ce, alhali 205/40 R17 ana samunta da 80. Kilo 25 a kowace ƙafa, kilo 100 a mota. Ranar tafiya ƙauye, da iyali da buhun shinkafa da jarkar ruwa, wannan kilo ɗarin ba wasa ba ne. Kada a taɓa sa tayar da lambar nauyinta ta gaza wadda kamfani ya rubuta.

Wasu kuma ta ɗaya gefen suke kuskure. Su ba walƙiya suke nema ba, so suke mota ta ɗaga daga ƙasa saboda yashi da ruwa, sai su sa taya mai tsayi fiye da ta asali. Niyyar mai kyau ce, amma ga lissafinta. Corolla mai ƙafa milimita 575 in aka sa mata 185/70 R14, ƙafar ta koma kusan 615. Motar ta ɗaga da santimita biyu kawai. A madadin haka, malejin da ke ƙirga juyawar ƙafa ya fara yi maka ƙarya: yana nuna 60, kai kuwa kana gudun 64. Tazarar da mota ke ci bayan an taka birki tana ƙaruwa ne da gudu sau gudu, don haka wannan ɗan bambanci ya zama ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari a tazarar tsayawa. A bakin makaranta da tsakar rana, lokacin da yara ke tsallaka titi ba duba, wannan ƙarin yana iya zama taku biyu ko uku da ba ka da su. Ga shi kuma in an cika mota, tayar kan riƙa gogar jikin ƙarfe a kwana. Ƙa'idar da masu sana'ar taya ke bi ita ce kada tsayin ƙafa ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari.

Sai batun ko jantin ma na motar ne. Wai don ramuka huɗu sun yi daidai da ƙusoshi huɗu, ba shi ke nan ba. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 kuma aka yi ta harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 har 2006, ramukanta huɗu suna kan da'ira mai faɗin milimita 140, haka ma 505. Ƙannenta 206 da 306 da 406 nasu 108 ne. Gida ɗaya, amma takalmin wannan ba ya shiga ƙafar waccan. Wanda ya kai janti aka huda masa sabbin ramuka ko aka faɗaɗa tsofaffin don ya shiga, ya raunana ainihin wurin da ke riƙe ƙafar da mota.

Ko ramukan sun dace, saura ramin tsakiya. Tsohuwar Corolla da Honda Civic da Golf da Renault da yawa duk ramuka huɗu ne a kan milimita 100, amma ramin tsakiyar Toyota 54.1 ne, na Honda 56.1, na Volkswagen 57.1, na Renault 60.1. Jantin Renault zai shiga Corolla, sai dai ba zai zauna daram a tsakiya ba in ba a sa masa zoben cike gibi ba. Daga nan ake samun sitiyarin da ke rawa a hannu, da notin da ke kwancewa da kansa. Akwai kuma lambar da ake bugawa a bayan janti bayan haruffan ET, wadda ke nuna yadda ƙafar za ta shige ciki ko ta fito waje. Ƙafar da ta turo waje tana ba mota kwarjini, amma tana ɗora wa boris nauyi ta inda ba a tsara ba, ta kuma ƙara wa sitiyari tauri. Masu Mercedes 190 su lura da ƙusoshi: na kamfani gindinsu zagayayye ne, alhali yawancin jantin kasuwa mazauninsu mai tsini ne. Ƙusar da ba ta zauna a mazauninta ba, ko ka taka sifana da ƙafa ba ta ɗauru ba. Kuma ƙusoshin jantin alminiyam sukan fi na ƙarfe tsawo, don haka ranar da taya ta yi faci a hanyar Dosso, safayarka ta ƙarfe na iya ƙin zama da ƙusoshin da ke hannunka.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan sayen jantin. Aljihu ya riga ya huce, sabuwar taya inci 17 kuma ta fi ta inci 13 ko 14 tsada nesa ba kusa ba. Sai a koma ga ta hannu. Ba mu da masana'antar taya a ƙasar nan, a maƙwabciyarmu Najeriya ma Michelin ta rufe tata ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a 2008. Kusan duk abin da muke takawa daga ƙetare yake zuwa, kuma tun da iyakarmu da Benin ta rufe a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo. Cikin tayoyin hannu da ke shigowa akwai waɗanda aka cire a Turai saboda tsufa, akwai kuma na lokacin ƙanƙara, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda robarsu mai laushi ce da aka yi don sanyi, ba don kwaltar Yamai a watan Mayu ba.

Gane shekarun taya ba wuya. A nemi rubutun da ya fara da DOT, a duba lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. In lambobi uku ne kawai, an yi tayar kafin 2000, a bar ta a inda aka gan ta. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara in ta kai shekara biyar tana aiki, a kuma cire ta in ta cika goma ko da zanenta bai cinye ba. Zanen kuma in zurfinsa ya gaza milimita 1.6, ta ƙare. Janti mai walƙiya a kan tayar da ta shekara goma sha biyu, kyan ɗan maciji ne.

To yaushe canji ke da hujja? In jantin asali ya lanƙwashe ko tsatsa ta ci shi, a nemi irinsa. In kuma an rasa sabuwar taya mai lambar asali a kasuwa, ana iya hawa inci ɗaya, a zaɓi tayar da za ta riƙe tsayin ƙafa yadda yake. Corolla mai 175/70 R13 tana iya komawa 175/65 R14: tsayin ya zama milimita 583 maimakon 575, gefen roba ya rage 114, babu wata babbar asara. Mota mai 175/80 R14, irin tsohuwar 504, ƙafarta milimita 636 ce, 195/65 R15 kuma 635 ce, kusan babu bambanci, muddin an samu jantin da ramukansa suka dace ba tare da huji ba. Mercedes 190 mai 185/65 R15 kuwa ba ta bukatar komai, a bar ta yadda take. Lambar asali tana cikin littafin mota, ko a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko murfin tankin mai. A can ne kuma aka rubuta yawan iskar da ya dace, wadda ake aunawa da safe kafin taya ta yi zafi.

Ina da magana ta musamman ga iyaye. A gidaje da yawa ba maigida ne ke son babban janti ba. Saurayin gida ne, wanda ya fara karɓar makulli, ya ga hotuna a Facebook da TikTok, ya zo yana cewa, "Baba, motar nan ta tsufa, abokaina dariya suke mini." Tsawa ba ta kashe wannan sha'awa, ɓoye ta kawai take yi. Gara a ba shi takarda da biro, a tura shi gindin mota ya kwafo lambobi, ya lissafo tsawon gefen taya da kansa, ya je wurin mai taya ya tambayo farashin inci 14 da na 17, ya dawo ya yi bayani gaban mahaifiyarsa da ƙannensa da za su zauna a baya. Yaron da ya gano da hannunsa cewa adon da yake so zai cinye kuɗin littattafan ƙanwarsa ya koyi abin da ya wuce batun mota. In har yanzu yana son motar ta yi kyau, a ba shi bokiti da sabulu da gwangwanin fenti. Jantin ƙarfe da aka goge tsatsarsa aka fesa masa fenti yana da nasa kyan.

Ƴan'uwana malamai kuwa, ga darasi kyauta a ƙofar makaranta. Muna koya wa ƴan CM2 kewayen da'ira da zane a allo, yara na haddace 3.14 ba su san amfaninsa ba. A fito da su wurin motar wani malami da igiya da abin awo. Ƙafa mai milimita 575 tana cin kimanin mita 1.8 a juyi ɗaya, wato juyi 554 a kilomita. Mai milimita 615 juyi 518 take yi. A tambaye su: in maleji juyi yake ƙirgawa, wace ce za ta sa shi ƙarya, kuma ta wane gefe? Ƴan kwaleji a ƙara musu kashi cikin ɗari da lambar shekarar taya, a ce kowa ya dubo ta motar gidansu ko ta babur ɗin yayansa ya kawo gobe. Na tabbata wasu iyaye daga bakin ƴaƴansu za su fara jin cewa tayarsu ta girmi autan gida.

Injiniyoyin da suka zana 504 da 190 da Corolla sun zaɓi girman ƙafafunsu ne bayan sun auna nauyin mota da ƙarfin birki da inji, kuma shaidar aikinsu ita ce motocin na nan suna yawo a Yantala bayan shekara talatin da arba'in. Kafin wata ya ƙare, kowane mai tsohuwar mota ya durƙusa ya karanta abin da ke rubuce a gefen tayoyinsa huɗu, har da safaya. In akwai jikkunan da aka ware don janti, a fara sauya tayar da ta fi tsufa, a duba birki, abin da ya rage a sa a asusun makarantar yara. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai mu da ƴaƴanmu gida lafiya.